Tsintacciyar Mage Ma Tana Mage: Riƙon Dabbobi Marasa Ubangida a Birnin Zariya

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce, "Tsintacciyar mage ba ta mage." Abin nufi shi ne, duk abin da mutum ya tsinta, bai sha wahalar renonsa ba, ba kasafai yake biya masa buƙata ba. A matsayin hikima ta zaman duniya, wannan karin magana yana da gurbinsa. Amma idan aka ɗauke shi a zahirinsa, aka auna shi da halin da kyanwoyi da karnuka marasa ubangida suke ciki a Birnin Zariya, za a tarar ya zama wata kafa ta guje wa nauyi. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa ɗaukar dabbar da ba ta da mai ita, a yi mata rigakafi, a riƙe ta riƙo na gaskiya, aikin tausayi ne, kuma hanya ce ta kare lafiyar jama'a. Haka kuma, al'adar Bazazzagi da addininsa sun riga sun tanadi ginshiƙan da za a ɗora wannan aiki a kansu.

2.0 Halin da Ake Ciki

Duk wanda ya ratsa lungunan Kwarbai ko Ƙaura ko Limancin Kona bayan sallar isha, zai ci karo da kyanwoyi suna tonon bola, wasu a kan katanga, wasu a bakin kwata. A gindin ganuwa da bakin kududdufai da kewayen mahauta kuwa, karnuka ne suke yawo, da yawansu ƙasusuwa a waje, kunnuwa duk gyambo. Waɗannan dabbobi ba daga sama suka faɗo ba. Kyanwa tana ɗaukar ciki na kimanin wata biyu ne kacal, tana kuma iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya uku zuwa biyar. Idan 'ya'yan suka yi wa gida yawa, sai a zuba su cikin kwali ko buhu, a aiki yaro ya kai su bayan gari ya yar. Waɗanda suka rayu a cikinsu su ne suke girma a kan bola, su hayayyafa, 'ya'yansu su tashi ba su taɓa sanin hannun mutum ba sai na mai jifa.

A nan ne asalin wancan karin magana yake bayyana. Magen da ta tashi cikin kora da jifa dole ta zama mai tsoro da sata, domin ba ta san wata hanyar cin abinci ba. Ashe laifin ba na tsintuwar ba ne, na irin riƙon da aka yi mata ne tun farko.

3.0 Yadda Wasu Al'ummu Suka Fuskanci Matsalar

A ƙasashen Turai da Amurka akwai gidaje na musamman da ake tara dabbobin da suka ɓata ko aka yar. A can ake duba lafiyarsu, a yi musu allura, sannan a jira mai so ya zo ya ɗauka. A Ingila an kafa ƙungiyar hana cin zalin dabbobi tun shekarar 1824. A shekarar 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnuka marasa galihu a Landan, wanda daga baya ya koma unguwar Battersea, kuma ya fara karɓar kyanwoyi a 1883. Wanda ya je ɗaukar dabba a irin wannan gida sai an bincika wurin da zai ajiye ta, da ƙarfinsa na ciyar da ita, kafin a danƙa masa.

Kada a ɗauka cewa Turawa ne suka fara wannan tunani. Masana tarihi sun ruwaito cewa Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Har yau ma birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya ya shahara da yadda mazaunansa suke ajiye wa kyanwoyin titi ruwa da abinci a ƙofofin gidaje da masallatai.

4.0 Abin da Ake da Shi a Gida

Gina gida sukutum domin karnuka da kyanwoyi ba abu ne da aka saba da shi a ƙasar Hausa ba, kuma yana buƙatar kuɗin da ba a da su. Sai dai manufar da ta sa ake gina shi ba baƙuwa ba ce. Akwai al'adu uku da suka ƙunshi wannan manufa.

Ta farko ita ce cigiya. Idan akuya ko tunkiya ko jaki ya ɓata, wanda ya tsinta yakan kai gidan mai unguwa, a ɗaure a ba shi ruwa da harawa, a yi shela a masallaci da kasuwa har mai shi ya bayyana. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malaman Birni, kamar Risala, suna da babi a kan tsintuwa da hukuncin ɓatacciyar dabba. Ke nan gidan mai unguwa ya daɗe yana aikin da waɗancan gidaje na Turai suke yi, illa dai an taƙaita shi ga dabbar da take da kuɗi a kasuwa.

Ta biyu ita ce ba da kiwo. Mace takan ba 'yar'uwarta ko ƙawarta akuya ta riƙe, idan ta haihu a raba 'ya'yan bisa sharaɗin da aka yi. Ta uku ita ce riƙon yara, inda gwaggo ko kawu kan ɗauki ɗan wani ya rene shi tamkar nasa. Al'ummar da ta san darajar riƙo har haka ba ta buƙatar wani ya zo daga nesa ya koya mata ma'anar ɗaukar abin da ba shi da gata.

Ta fuskar addini kuwa, magana a fili take. Hadisi ingantacce ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wani hadisin ya ba da labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Shi kansa sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, laƙabinsa na Abu Huraira ya samo asali ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauke da ita.

5.0 Riƙon Dabba da Lafiyar Jama'a

Babban haɗarin da yake tattare da dabbar da ba ta da ubangida shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa daga kare suke samun ta, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Kyanwa ma tana iya ɗaukar cutar ta yaɗa ta ta hanyar cizo ko yaƙushi.

Abin da aka saba yi idan mahaukacin kare ya ciji yaro a unguwa shi ne matasa su fito da sanduna su bi duk karen da suka gani. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa kisa kaɗai ba ya kawar da cutar, domin muddin bola tana nan, wasu karnukan za su cike gurbin waɗanda aka kashe. Abin da yake karya lagonta shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allurar rigakafi. To, wa zai kama karen da ba shi da mai shi ya kai shi wurin allura? Dabba ba ta samun rigakafi sai tana da wanda ya ɗauki nauyinta. Wannan shi ne dalili mafi ƙarfi da ya sa riƙo ya fi kora.

Zariya kuwa ta fi garuruwa da yawa sa'a a wannan fanni. A nan hukumar kula da lafiyar dabbobi ta zamanin mulkin mallaka ta fara zama kafin a mayar da ɗakin bincikenta Vom a 1924, inda ake sarrafa allurar rigakafin haukan kare. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru. Abin takaici ne a ce ilimi yana Samaru, amma yaro a cikin ganuwa yana mutuwa da cutar da aka samo rigakafinta tun 1885.

Ita kuma kyanwa, amfaninta a gidan ƙasa mai rumbu da ɗakin ajiya sananne ne. Gidan da yake da mage mai ƙoshi ɓera ba ya sakewa a cikinsa, kuma hakan yana rage dogaro da shinkafar ɓera, wadda sau da yawa kaji suke tsattsaga, wani lokaci ma ta kai ga bakin yaro mai rarrafe. Tun da aka gano zazzaɓin Lassa a 1969, aka kuma fahimci cewa wani nau'in ɓera ne yake yaɗa shi, rage ɓeraye a gida ya zama batun rai da mutuwa. Sai dai mage taimako ce kawai, ba ta maye gurbin shara da rufe abinci.

6.0 Hanzarin Masu Suka

Wasu za su ce, a garin da almajiri yake kwana da yunwa, maganar ciyar da kyanwa ta zama almubazzaranci. Wannan hanzari yana da nauyi, kuma babu mai jayayya cewa haƙƙin ɗan'adam shi ne a gaba. Amma abin da kyanwa take ci, wato sauran tuwo da kan kifi da ƙashin miya, yawancinsa bola ake kaiwa. Bugu da ƙari, kuɗin allurar kare ɗaya bai kama ƙafar kuɗin jerin alluran da ake yi wa mutumin da kare ya ciza ba. Talaka ne ya fi kowa cin ribar rigakafi, domin shi ne ba ya iya sayen magani.

Wasu kuma za su kawo batun matsayin kare a addini. Gaskiya ne an hana ajiye kare haka kawai, amma an yi rangwame ga na farauta da na kiwo da na gadin gona. Babu mai cewa a shigar da kare ɗakin kwana. Abin da ake cewa shi ne, mafarauta da makiyaya da masu lambu a bayan ganuwa, waɗanda dama suna neman kare, su ɗauki 'yan kwikwiyon da ake yarwa, su kuma yi musu allura. Hana ajiye kare daban, halatta azabtar da shi daban.

Akwai kuma camfin da yake danganta baƙar mage da aljanu ko mayu. Wannan ba shi da tushe a ilimi, kuma malami ne ya fi dacewa ya warware shi a zukatan yara.

7.0 Hanyar da Ta Dace a Bi

Abu na farko shi ne a faɗaɗa al'adar cigiya. Wanda kyanwarsa ta haihu ya bar 'ya'yan su sha nono na kimanin wata biyu, sannan ya sanar da maƙwabta da mai unguwa domin a sami masu so. Na biyu, wanda zai ɗauki dabba ya fara auna ƙarfinsa, ya kuma nemi yardar mutanen gida, domin riƙon sakainar kashi ya fi rashin riƙo muni. Na uku, a kai dabbar wurin likita a yi mata allurar haukan kare tun tana da wata uku, a riƙa sabuntawa bisa shawararsa, a ba ta maganin tsutsar ciki, a kuma tattauna da shi kan hanyar taƙaita haihuwarta. Mace mai ciki ta guji kwashe kashin kyanwa da hannu. Na huɗu, masarauta da ƙaramar hukuma da jami'a su haɗa kai su riƙa kawo allura ƙofar fada da ƙofofin gari, kamar Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, musamman ranar 28 ga Satumba, wadda tun 2007 aka keɓe a duniya domin yaƙi da wannan cuta.

Nauyi na musamman yana kan malamin makaranta, domin yara su ne masu jifa, su ne ake aika su yar da kwali, su ne kuma aka fi ciza. Wajibi ne malami ya koya musu kada su kusanci baƙon kare, balle wanda yake dalalar da miyau ko yake cizon duk abin da ya tarar. Ya koya musu cewa wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya ɓoyewa don tsoron faɗan iyaye. Malamin Hausa yana da kayan aiki a hannu: tatsuniya da karin magana da insha'i da muhawara a aji duk hanyoyi ne na dasa tausayi, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

8.0 Kammalawa

An ga yadda sakaci yake haifar da dabbobi marasa ubangida, da yadda suke zama barazana ga lafiyar yara, da kuma yadda cigiya da ba da kiwo da koyarwar addini suka isa su zama tushen gyara. Duniya ta sa wa kanta wa'adin shekarar 2030 domin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilin cizon mahaukacin kare. Rabon Birnin Zariya a wannan aiki zai fara ne daga gida ɗaya da ya karɓi 'yar kyanwa ya rene ta, da mafarauci ɗaya da ya kai karensa allura, da malami ɗaya da ya hana ɗalibansa jifa. Magen da aka tsinta, aka ciyar, aka kula da lafiyarta, za ta yi mage kamar kowace mage.