Kaurin Baƙin Mai Ba Shi Ne Ƙarfinsa Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a garejojinmu, daga Ƙofar Ruwa ta Kano har Panteka ta Kaduna: wai baƙin mai in ba kauri gare shi ba, ruwa ne. Za ka ga bakanike ya tsoma yatsa a galan, ya murza man tsakanin babban yatsa da manuniya, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan ba zai iya da zafin ƙasarmu ba, a zuba mata 20W-50." Mai mota ya biya, ya tafi hankali kwance. Ni kuwa ina ganin wannan shawara tana cikin abubuwan da ke tsufar da injinan motocinmu tun kwanansu bai kai ba.

Maganar tana da asali, ba a ƙasa aka tsince ta ba. Lokacin da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, injinan zamanin suna da sarari tsakanin ƙarafansu, mai kaurin shi ne daidai da su. Iyayen gidan da suka ƙware a kan 504 gaskiyar zamaninsu suka koya wa yaransu. Matsalar ita ce mota ta canza, karatun gareji bai canza ba.

Dubi abin da ya cika titunanmu yau: Corolla, Camry, Accord, yawancinsu 'yan Kwatano da aka ƙera don kasuwar Amurka. Accord ta 2003 zuwa 2007, 5W-20 masu ƙera ta suka ce a zuba. Camry mai silinda huɗu ta 2010 zuwa 2017, 0W-20 ne, wanda kusan duk na kasuwa sintetik ne. Ba don ado suka rubuta ba. A irin wannan inji mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, aiki yake yi. A tsarin VVT-i na Toyota, man ne ke bi ta wasu 'yan siraran hanyoyi, ya ratsa ƙaramar rariya, ya juya kamshaf don a daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul. Ka ba shi mai kauri, sai ya riƙa isa a makare, musamman da asubahin hunturu, lokacin da man ya kwana a ƙasa kuma saman inji ya bushe. A 'yan daƙiƙun nan na tayarwa ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Ƙarar kacar da kake ji in ka murza makulli da safe, sau da yawa kukan jiran mai ne.

To, zafin ƙasarmu fa? Nan ne hujjar ta fi rauni. Yatsan bakanike yana auna man ne a inuwar gareji, alhali lambar ƙarshe da ke jikin galan, 20 ko 30 ko 50, kaurin man ce a zafin digiri 100. Inji mai lafiya a kusan nan yake aiki, ko a Jos yake ko a Maiduguri, domin lagireto da fanka da tamostat ne ke riƙe masa zafi, ba rana ba. (Abin baƙin ciki, hannun da ke zuba mai kauri shi ne kuma ke cire tamostat ya jefar.) Birnin Finiks na jihar Arizona yakan wuce digiri 45 da rani, kuma waɗannan Camry ɗin da 0W-20 suke yawo a can. Fifikon sintetik ma a zafin yake: ba ya saurin ƙonewa ya daskare ya zama baƙar laka a ƙarƙashin murfin inji kamar yadda man gargajiya ke yi in ya daɗe a cunkoso.

Na yarda da abu ɗaya. Injin da ya ci kilomita ya gaji yana iya son a ƙara masa mataki guda, a ce daga 5W-20 zuwa 5W-30. Amma tsalle zuwa 50 don mota ta daina hayaƙi, rufe tukunya ne alhali tuwo na ƙonewa. Ringi ne ya cinye, a gyara ringi.

Masu sayen sintetik su ma ba su tsira ba. Wasu sun ji an ce yana kai kilomita 16,000, sai su shekara ba juye. Toyota da ta faɗi wannan adadi ita ce ta ce a sauko zuwa 8,000 in ana bin hanya mai ƙura ko ana yawan tsayuwa inji na kunne. Wace mota ce a Sakkwato ko Zinder ba ta cikin wannan hali? A yi juye a kan kari, a canza filta tare.

Sai jabu, wanda ya fi komai tayar min da hankali. Galan mai kyan suna ba shaida ba ce, domin akwai masu tara fanko su sake cikawa. Ka saya a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, ka nemi alamar API SN ko SP, na farkon daga 2010, na biyun daga 2020. A ɓalle hatimin a gabanka, a zuba a gabanka, sannan ka huda galan ɗin kafin ka bar shi. Da tsada, babu musu, amma je ka tambayi kuɗin inji wurin 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa ka kwatanta.

Mai mota, kafin juyenka na gaba ka ɗaga bonet ka duba murfin da ake zuba mai. A yawancin motocin nan lambar tana rubuce a kansa. In ta goge, tana cikin littafin motar. Ita za ka nuna wa bakanike, ka ce ita kake so.