A Ɗinka Mana Wando Mai Mazagi: Ƙorafi Kan Shafukan Intanet Da Suka Ƙi Zama A Waya

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu masu daraja, ina neman aron fili a wannan mujalla tamu domin in koka kan wata wahala da kowa yake sha amma aka rasa mai ɗaga murya. Wahalar kuwa ita ce ta shafukan intanet, musamman na makarantu da ma'aikatu, waɗanda ake gina su ba tare da an tuna cewa a allon waya za mu karanta su ba. Wataƙila wani ya ce ina ruwan ƙungiyar adabi da aikin masu kwamfuta? To, ai duk abin da ya shafi karatu ya shafe mu, domin rubutun da ba ya karantuwa, da shi da babu duk ɗaya.

Kowannenmu ya san halin da ake shiga. Ka buɗe shafi don yin rajista ko duba sakamakon jarrabawa, sai rubutu ya fito 'yan mitsi-mitsi kamar jerin tururuwa. Ka sa yatsu biyu ka buɗa shi, sai rabin jimla ya shige ta gefen dama. Ka ja hagu, ka ja dama, kafin ka kai ƙarshen layi ka manta farkonsa. Ka gama cika fom da ƙyar, sai maɓallin aikawa ya ɓuya can inda ido ba ya kaiwa. Ana cikin haka data tana ƙonewa, wa'adi yana ƙaratowa, gobe kuma a ce ka makara, sai ka biya tara. Haba jama'a!

Ruwa ba ya tsami banza. Ana auna faɗin allo da 'yan ɗigo da ake kira fiksel. Shekara da shekaru masu gina shafuka sun saba kafe faɗin shafi a kan fiksel 960, saboda ya dace da allon kwamfutar tebur. Yawancin wayoyin da ke aljihunmu kuwa, faɗin da suke bai wa shafi bai wuce fiksel 360 zuwa 400 da 'yan kai ba. Idan magini bai faɗa wa waya komai ba, sai burauza ta ɗauka shafin na kwamfuta ne, ta shimfiɗa shi a kan fiksel 980, sannan ta matse shi ya shiga allon da bai kai rabin haka ba. Daga nan tururuwar take fitowa.

Abin takaici shi ne, ba haka aka haifi wannan fasaha ba. Lokacin da Tim Berners-Lee ya gabatar da shawararsa a cibiyar bincike ta CERN a 1989, shafin farko kuma ya bayyana ga jama'a a 1991, rubutu yakan bi faɗin allo da kansa, ya karya layi inda ya kamata. Daga baya ne masu ƙawata shafi, waɗanda suka saba da takardar ɗab'i mai ƙayyadadden faɗi, suka zo suka buga masa ƙusa. Dubi telanmu na gargajiya. Ya san ƙugun mutane ba ɗaya ba ne, shi ya sa yake ɗinka wando da mazagi: siriri ya ja ya ɗaure, mai teɓa ya sassauta. Waɗannan magina kuwa sun auna ƙugun mutum ɗaya, sun ce kowa ya shiga ko ya zauna tsirara.

Kada wani ya ruɗe ku cewa maganin sabo ne ko mai wuya. Tun watan Mayu na 2010 wani mai zanen shafuka ɗan Amurka, Ethan Marcotte, ya bayyana hanyar a mujallar A List Apart, ya ce abu uku ake buƙata. Na farko, a auna sassan shafi da kaso cikin ɗari maimakon ƙayyadadden fiksel, yadda za su miƙe ko su tsuke. Na biyu, a hana hoto wuce faɗin gurbin da aka sa shi. Na uku, a rubuta sharaɗi cikin harshen CSS, wanda da shi ake tsara kamannin shafi, cewa idan allo ya yi ƙanƙanta, ginshiƙai uku da ke jere kafaɗa da kafaɗa su koma ɗaya bisa ɗaya. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta amince da wannan sharaɗi a 2012. Sai kuma layi guda tak da ake sawa a kan shafi, mai gaya wa waya ta yi aiki da ainihin faɗinta. Kafin haka ma, a 2009, Luke Wroblewski ya ba da shawarar a riƙa fara zane daga ƙaramin allo, sannan a faɗaɗa. Yau fiye da shekara goma sha biyar ke nan. Ɗalibin aji biyu a sashen kwamfuta yana iya koyon wannan cikin mako guda.

Duniya kuma ba ta tsaya jiranmu ba. A watan Afrilu na 2015 kamfanin Google ya fara fifita shafukan da suka dace da waya ga mai bincike ta waya. Kamfanin StatCounter ya ba da rahoton cewa a watan Oktoba na 2016, a karo na farko, shiga intanet ta waya da ƙaramin allon hannu ya zarce na kwamfuta a faɗin duniya. Balle mu nan, inda ɗalibai da yawa wayar Tecno ko itel ko Infinix ita ce kwamfutarsu, ita ce laburarensu, ita ce bankinsu. In kiɗa ya sauya, ai rawa ma sai ta sauya.

Na san uzurorin da ake kawowa. Wasu su ce ɗalibi ya tafi shagon kwamfuta mana. To, da kuɗin wa? Yaron da ke ƙauye lokacin hutu, sai ya biya kuɗin mota zuwa gari, ya biya mai shago, ya kuma miƙa masa lambar sirrinsa, duk don aikin da zai iya yi a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidansu. Wasu su ce an yi manhaja, a sauke ta. Wayar da ta cika maƙil, ina za ta kai wata manhajar da sau biyu a shekara ake buɗe ta? Wasu su ce gyara yana da tsada. Alhali kuwa an riga an biya ɗan kwangila kuɗin gini, kuma gina shafi mai bin allo tun farko bai fi gina kafaffe wahala ba. Tun ran gini ran zane. Mafi muni su ne masu ɗaukar hoton takardar sanarwa su liƙa, su ce sun sanar. Hoto ba ya karya layi, ba a iya neman suna a cikinsa, ga cin data.

Amma kada mu bar jaki mu doki taiki. Laifin magini kaɗan ne idan aka gwada da na mai karɓar aiki. Babban jami'i yana zaune a ofis gaban ƙaton allo, a nuna masa shafi da hotonsa yana walƙiya, ya ce madalla, ya sa hannu. Ko sau ɗaya bai zaro wayarsa daga aljihu ya gwada ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa da ke cikin ɗakin ba a taɓa tambayarmu ba.

Malamanmu, ku ma abin ya shafe ku. Ƙa'idar W3C ta 2018 kan sauƙaƙa shafuka ga masu lalura ta nemi rubutu ya zauna a faɗin fiksel 320 ba tare da an ja gefe da gefe ba. Wannan daidai yake da halin dattijon da idonsa ya yi rauni, ya ninka girman rubutu sau huɗu a kwamfutarsa. Ashe abin da zai ceci ɗalibi mai ƙaramar waya shi zai ceci shehun malami mai tabarau.

Saboda haka ina kira da abu uku. Kada hukumar wata makaranta ta sake biyan ɗan kwangila sai an gwada shafinsa a waya mai araha, a gaban wakilan ɗalibai, daga buɗewa har danna maɓallin ƙarshe. Kowace sanarwa a buga ta da rubutu, a daina liƙa hoto. Malaman sashen kwamfuta kuma su mayar da aikin duk ɗalibin da shafinsa ya ƙi zama a waya. Mu ma 'yan ƙungiya, ran da za mu sa waƙoƙinmu a intanet, mu duba kada ɗango ya tsere ta gefen allo ya bar amsa-amo a baya.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya sa masu kunne su ji, amin.