Sharhi: Asibitoci na kukan ƙarancin ma'aikata, masu difloma na zaman jiran aiki

A kowace shekara makarantun koyon aikin jinya na ƙasar Nijar suna yaye matasa maza da mata masu yawa. Akwai na gwamnati, irin su ENSP ta Yamai mai ɗauke da sunan Damure Zika da ƴar uwarta ta Damagaram, akwai kuma masu zaman kansu da suka yawaita a Yamai, Maraɗi, Tawa da sauran manyan birane. Iyaye na sayar da dabba ko gona, yayye da ke ci-rani a Libiya, Gana ko Abijan na turo kuɗin makaranta, duk da fatan cewa bayan shekara uku yaro zai saka farar riga ya fara ɗaukar albashi. Sai dai ranar da aka karɓi difloma, ga mafi yawansu, ita ce ranar da ake shiga wani dogon jira. A daidai wannan lokacin kuma cibiyoyin kiwon lafiya na karkara, waɗanda aka fi sani da CSI, suna aiki da mutum ɗaya ko biyu da ke duba jama'ar garuruwa da dama. Ƙasar da ke da ƙarancin malaman asibiti ba ta da hujjar barin waɗanda aka horar suna zaman kashe wando.

Ƙarancin ba zato ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙasa na buƙatar aƙalla likitoci, malaman jinya da ungozomai 4.45 ga kowane mutum dubu kafin ta iya kai kulawa ga kowa. Nijar ba ta kai ko mutum ɗaya cikin dubu ba, shi ya sa ma sunanta ke cikin jerin ƙasashe 55 da hukumar ta fitar a 2023, waɗanda ta ce ƙarancin ma'aikatan lafiya ya fi tsanani a cikinsu. Al'ummar ƙasar ta haura miliyan 25, kuma binciken ƙasa na 2021 ya nuna mace na haihuwar ƴaƴa 6.2 a matsakaici. Duk haihuwa na nufin awon ciki, karɓar haihuwa, rigakafi, zazzaɓin cizon sauro da gudawa. Kusan dukan wannan aiki a hannun malamin jinya da ungozoma yake, domin a ƙauye su ne ake kira likita.

To ina sabon mai difloma yake nufa? Ƙofa ta farko ita ce aikin gwamnati. Ita kowa ke so, saboda albashi na wata da fansho. Amma ba kowace shekara ake buɗe ta ba, kuma idan an buɗe, gurabun ba sa kai yawan masu nema. Matashi zai haɗa dosiye: takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, takardar kotu mai shaida ba shi da laifi wadda ke mutuwa bayan wata uku, kwafin difloma da aka buga wa hatimi, da kuɗin tambur. Idan shiru ta yi yawa, sai ya sake sabunta takardun da kuɗin aljihunsa. Wanda karatunsa ya kai ya samu hidimar ƙasa, zai yi shekara biyu yana karɓar ɗan alawus, daga nan ya koma gida ya ci gaba da jira.

Ƙofa ta biyu ita ce aikin sa-kai, wanda ake kira benebol. Matashiya za ta roƙi majon wata cibiya ya bar ta tana zuwa don kada hannunta ya mutu. Tana yin allura, tana ɗaura ruwa, tana kwana gadi, tana cika rajista, daidai da ma'aikacin da ke kan albashi. A ƙarshen wata, in an samu, a ba ta kuɗin kabu-kabu. Da babu gara ba daɗi, in ji masu iya magana, amma wannan ba daɗin kan ɗauki wasu shekaru da yawa. Cibiyoyi da dama ba za su iya buɗe ƙofa dare da rana ba in babu waɗannan ƴan sa-kai. Ke nan tsarin lafiya ya jingina ne a kan guminsu, alhali ba shi da wata yarjejeniya da su, kuma idan aka tashi ɗaukar aiki ba kowane lokaci ake lissafa shekarun da suka yi ba.

Ƙofa ta uku ita ce ƙungiyoyin agaji. A Madarunfa da Magariya ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana kula da yara, a Mirriya kuma ƙungiyar BEFEN da abokiyar aikinta ALIMA sun yi suna wajen jinyar tamowa. Albashinsu ya fi na gwamnati, ana kuma koyon aiki sosai. Matsalar ita ce yawancin kwangilolin na ɗan lokaci ne. Ana ƙara ma'aikata daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓi da tamowa ke cika gadaje, a sallame su idan kaka ta yi. Tun da Amurka ta dakatar da tallafin USAID a farkon 2025, kuɗin ayyukan lafiya ya ragu a ƙasashen Afirka da dama, wannan ƙofa ma ta ƙara tsukewa.

Ƙofa ta huɗu ita ce asibitoci da ɗakunan shan magani masu zaman kansu. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu da ke biyan haƙƙi. Akwai kuma waɗanda ke ɗaukar sabon mai difloma ba takardar kwangila, ba rajista a asusun CNSS, a kan kuɗin da bai kai mafi ƙarancin albashi na doka ba, wato jika 42 tun daga Janairun 2024. Mai asibitin ya san in wannan ya ƙi, goma na bakin ƙofa.

Wanda ya dace ya samu aikin ma, damuwarsa sabuwa ce ke farawa. A CSI ta karkara malamin jinya shi ne mai duba marar lafiya, shi ne mai rubuta magani, wani lokaci shi ne mai karɓar haihuwa, shi ne mai rubuta rahoton wata. Dare ba nasa ba ne, domin gidansa na cikin harabar cibiyar ko kusa da ita, kuma naƙuda ba ta san agogo ba. Idan safar hannu ta ƙare, ko wuta ta ɗauke, ko motar ɗaukar marar lafiya ba ta da mai, shi ne zai fuskanci dangin majinyaci. Allura na iya soke shi yana tsakiyar aiki, ga ciwon hanta nau'in B da ya yawaita a wannan yanki, alhali yawancin ma'aikatan yau an haife su kafin a shigar da rigakafin cutar cikin allurar jarirai. A garuruwan bakin iyaka na jihar Maraɗi da wasu sassan Tawa da Tilaberi, ga fargabar ƴan bindiga. Mace kuma, wadda ita ce ta fi yawa a wannan sana'a, tana da nata ƙarin nauyi: aure, goyo, da miji da ke aiki a birni. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ma'aikata ke cunkushe a Yamai da manyan birane, ƙauyuka na fama da rashi.

Adalci ne a saurari ɓangaren majinyata. Koke-koken da ake yi a rediyo da WhatsApp game da tsawa ga mai naƙuda, ko kallon waya marar lafiya na jira, ko sayar da magani a ɓoye, ba duka ne ƙage ba. Talauci ba ya halatta wulaƙanta marar lafiya, kuma ya kamata ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta SUSAS ta riƙa tsawata wa ƴaƴanta da irin ƙarfin da take neman haƙƙinsu. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda aka bar shi shekara uku ba albashi a gaban akwatin magani, an jefa shi cikin jarrabawar da ba kowa ke tsallake ta ba. Gyaran hali da biyan haƙƙi tare suke tafiya.

Haka nan ba a musun cewa baitulmali na cikin matsi. Yaƙi da ta'addanci na cin kaso mai yawa, takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 ya bar tabo, wasu masu ba da tallafi kuma sun janye. Sai dai matsalar ta girmi wannan zamani. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatocin da suka shuɗe a Nijar ba su riƙe wannan alkawari ba. An gina ɗakunan shan magani na ƙauye masu yawa a zamanin shugaba Tanja Mamadu, an fara kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, a watan Agustan 2024 kuma hukumomi sun rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati tare da mayar da haihuwa kyauta. Duka matakai ne da talaka ya yi maraba da su. Amma duk lokacin da aka sauƙaƙa kuɗi, masu zuwa asibiti ƙaruwa suke yi, kuɗin da ke shiga asusun cibiya kuma raguwa yake, har sai gwamnati ta biya giɓin a kan lokaci. In ba a ƙara ma'aikata ba, rangwamen zai koma dogon layi da gajiyayyen malamin jinya.

Akwai abubuwan da za a iya yi ba tare da jiran arziƙin man fetur ba. Ma'aikatar lafiya da ta ma'aikatan gwamnati su fitar da jadawalin ɗaukar aiki na shekaru masu zuwa, a san gurbi nawa ne, a wace jiha, da wane sharaɗi, a kuma manna sakamako a fili don a rufe bakin masu cewa sai da uwa a gindin murhu. A yi rajistar ƴan sa-kai a kowace gundumar lafiya, a ƙayyade tsawon lokacin da mutum zai yi a wannan matsayi, a ba shekarun da ya yi maki a lokacin ɗauka. A riƙa ɗaukar aiki jiha-jiha, ɗan Tanut ko Dakwaro ya nemi gurbin yankinsa, da alawus na karkara, da gidan kwana, da alkawarin canjin wuri bayan wasu shekaru da aka sani. Sufetocin ƙwadago su leƙa asibitoci masu zaman kansu su duba kwangiloli. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji ko wurin da ɗalibanta za su koyi aiki a gaban gado, a hana ta ɗaukar sababbi, kuma kowace makaranta ta bayyana yawan ɗalibanta da suka ci jarrabawar ƙasa. Rigakafin ciwon hanta allura uku ce kawai; a yi wa kowane ɗalibi kafin ya fara taɓa majinyaci. Kantomomin da ke riƙe da kananan hukumomi tun 2024 su ma su sa albashin ma'aikacin lafiya cikin kasafinsu kafin su sa harsashin sabon gini.

Ƴan ƙasa mazauna waje na da rawar takawa. Ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya da ke Faransa, Amurka, Saudiyya ko Kwatano sun saba tara kuɗi su gina ɗakin haihuwa ko su sayi motar asibiti. Aikin lada ne, amma gini ba ya karɓar haihuwa. Ƙungiyar da za ta ɗauki nauyin albashin ungozoma ko malamar jinya ɗaya na shekara biyu, da yarjejeniya a rubuce tsakaninta da hukumar lafiya ta gunduma, ta yi wa garinta abin da siminti ba zai yi ba. Haka kuma ƴan uwa su yi hattara da dillalan da ke tallata aikin jinya a Kanada ko Turai a Facebook suna neman kuɗi tun kafin a ga takarda. Babu ƙasar da ke barin baƙo ya taɓa majinyaci sai hukumarta ta tantance diflomarsa, sau da yawa ma sai ya sake jarrabawa ko ƙarin karatu. Duk wanda ya ce zai tsallakar da mutum wannan mataki, kuɗinsa yake so.

Ga sabon mai difloma kuwa, shawarar gajeriya ce. Ya yi rajista a ofishin ANPE, ya ajiye takardunsa a shirye, ya karɓi takardar shaida mai sa hannu da hatimi a duk inda ya yi aiki ko da na wata uku ne, kada ya biya kowa kuɗi don a sa sunansa a jeri, kada kuma ya raina gurbin ƙauye, domin can ne hannu ke ƙwarewa. Abin da ya wuce wannan ba a hannunsa yake ba. Iyalai sun biya kuɗin karatu, matasa sun ci jarrabawa, majinyata na kan benci suna jira. Saura hukumomi su faɗi gurbi nawa za su buɗe a kasafin kuɗi mai zuwa, kuma a wace rana.