Ku Fito Da Fasaha Daga Otal, Ku Kai Ta Danchadi

Duk shekara sai an shirya taron "bunƙasa fasahar matasa" a manyan biranenmu. A kama ɗakin otal mai sanyi, a rataya ƙyalle, a raba jaka da biro da ruwan roba. A gayyato matasan da dama can suna da babbar waya da Turanci a baki. A yi kwana biyu, a ɗauki hoto, a zuba a Facebook, sannan a rubuta wa masu ba da kuɗi cewa an kai ga "al'ummar da aka bari a baya".

To ina waɗanda aka bari a bayan? Suna Danchadi. Suna ƙauyukan Boɗinga da Shagari, inda yaro zai iya rera waƙar noma mai baiti ashirin da ka, amma ba wanda ya taɓa ce masa wannan baiwa ce. Abin da ke isa gare su shi ne rabon ɗan siyasa: keken ɗinki, injin markaɗe, babur. Ba na raina keken ɗinki. Abin da nake ƙi shi ne tunanin da ke bayansa, wai ɗan ƙauye ciki kawai gare shi, ba shi da kai.

Na san za a ce waƙa da zane da wasan kwaikwayo shashanci ne, ba su dace da ƙasar Shehu ba. Mai faɗin haka ya koma ya karanta tarihin ƙasar da yake taƙama da ita. A Sifawa, cikin wannan ƙaramar hukuma ta Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma shi kansa da waƙa ya isar da wa'azi ga waɗanda ba su jin Larabci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi mata dattijai, ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa. Su ke jagorantar matan karkara, su haddace waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci, su koma ƙauyukansu su koya wa na cikin gida. Babu ɗakin taro, babu alawus na zama. Malama ce ta gane cewa matar da ba ta iya karatu ba tana iya riƙe baiti, kuma baitin zai shiga inda littafi bai shiga. In ana neman shirin fasaha na al'umma, ga shi nan tun ƙarni na 19, a ƙofar gidanmu. Shehu Shagari ma, tun yana malamin makaranta, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, waƙa ya rubuta, Waƙar Nijeriya, don yara su san ƙasarsu.

Wasu kuma za su ce ana fama da yunwa da 'yan bindiga, wa ke ta ƙwarya da kalangu? Ai da rani, in an gama kaka, saurayin da bai tafi ci-rani ba hannunsa wofi yake, kuma akwai masu jiran wofin hannun nan: mai ƙwaya da mai neman 'yan banga. Su ba sa jira a gayyace su otal, har gindin bishiya suke zuwa.

Kuma fasaha sana'a ce. Fatar jar akuyar Sakkwato ce aka riƙa ƙetarawa da ita Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Majema da dukawa da masu zanen ƙwarya da maɗinkan hula suna nan da ransu, suna tsufa, 'ya'yansu na gudun sana'ar. Su ne malaman. Kuɗin abincin rana na taron otal ɗaya zai biya baduku ya zauna da yara wata guda. Ajin firamare kuwa a rufe yake daga azahar.

Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da marubuta mata da yawa, madalla. Amma sai an rubuta labari an tura ta intanet. Yarinyar Danchadi da ta gaji tatsuniyoyin kakarta, wa zai zauna da ita ta mayar da su rubutu, ko da ajami ne?

Ƙaramar Hukumar Boɗinga na da ajujuwa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da ɗaliban Hausa da ke neman abin nazari. Gidan Tarihi na Waziri Junaidu na da wurin ajiya, Rediyon Rima na da masu saurare. A haɗa su, a fara da aji ɗaya a Danchadi bayan kakar bana, a sa baduku da mawaƙiya a takardar albashi kafin a sa mai jawabi daga Abuja.