Wa ya ce Makka awa biyar ce daga Ɗan Kassari?

Duk shekara idan aikin hajji ya gabato sai na ji maganar nan a bakin masu kamfanonin jigilar alhazai: "Ai yanzu Makka ta zo kusa, awa biyar da 'yan mintoci kun sauka." A takarda ba su yi ƙarya ba. Tsakanin Yamai da Jidda kusan kilomita 4,000 ne a sama, jirgi kuma yana cin wajen kilomita 800 a awa. To amma wa ya gaya musu a filin jirgin Diori Hamani muke kwana?

Bara na raka gwaggona. Daga Ɗan Kassari zuwa Yamai ya haura kilomita 300, ta Dogondutsi da Doso da Birnin Gaure. Mun shiga mota bayan sallar asuba, da tsaye-tsaye da shingayen bincike, sai bayan azahar muka isa. Wato kilomita 300 na ƙasa sun fi 4,000 na sama cin lokaci. Kuma duk yamma muka yi ta nausawa, muna ba alƙibla baya, don jirgi ya sake juyowa da ita gabas.

Wannan ma na yafe, ba wanda ya ce a gina mana filin jirgi a Arewa. Abin da ba zan yafe ba shi ne zaman jira. An kira mu a waya, aka ce mu zo maza, gobe za a tashi. Goben nan kwana huɗu ta yi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa tana kwance kan tabarma a gidan wani ɗan garinmu, guzurin da ta sayar da tumakinta biyu ta haɗa yana zurarewa a kuɗin abinci da na tasi. Kullum mu je, kullum a ce jirgi bai zo ba. Babu wanda ya taɓa cewa a yi haƙuri da bakin da ya karɓi kuɗi.

Da na yi magana, wani ma'aikacinsu ya ce in gode wa Allah, kakanninmu da ƙafa suka je. Na sani. Sun bi ta Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suka yi, wasu can suka zauna har jikoki. Amma su ba su biya kowa miliyoyin sefa ba, ba wanda ya yi musu alkawarin rana ya saɓa.

Jirgi ba motar kasuwa ba ne da za a ce sai ta cika. Ana sanin lokacin tashinsa tun da wuri. Idan kamfani bai da tabbacin rana, ya bar tsofaffinmu a ɗakunansu har ya samu. Idan kuwa ya kira su ya saɓa, masauki da abinci su hau kansa, a rubuta haka cikin takardar da ake sa wa hannu tun ranar biyan kuɗi.

Gwaggo ta bar gida ranar Litinin, ta sauka Jidda daren Juma'a.