Mai Aikin Haya Ma Gwani Ne: Raddi Ga Masu Raina Yawan Aiki

Wannan makon na ɗan dakatar da ci gaban labarinmu, saboda wata magana da aka yaɓa mini a wani taron marubuta ta hana ni barci. Wani malami ne ya miƙe ya ce duk wanda yake fitar da aiki da yawa don a biya shi, ɗan tireda ne, bai cancanci a kira shi mai fasaha ba. Aka yi ta tafi. Ni kuwa na tuna da wani makaɗi ɗan Amurka, Ron Carter, kuma da shi zan ba malam amsa.

Carter makaɗin bas ne a kiɗan jaz. Bas wata ƙatuwar goge ce mai tsirkiya huɗu, tsayinta ya kai mutum, a tsaye ake riƙe ta ana fizgar tsirkiyar da yatsu. Mai ita yana can baya, ba a cika kallonsa ba, amma shi ne yake riƙe da takun kiɗan, shi yake nuna wa mai ƙaho inda zai sa ƙafa. In ya kuskure, kowa ya watse.

An haife shi a 1937 a jihar Michigan. Yana ɗan shekara 10 ya fara koyon kiɗan Turawa na gargajiya, ya kammala makarantar kiɗa ta Eastman a 1959, ya ƙara digiri na biyu a birnin New York a 1961. Kamar yadda shi kansa ya sha faɗa, wani babban jagoran makaɗa ya yaba hannunsa, sannan ya gaya masa cewa masu ƙungiyarsa ba su shirya ɗaukar baƙar fata ba. Ƙofa ta rufu, sai ya juya ga jaz. Daga 1963 zuwa 1968 shi ne mai bas a tawagar Miles Davis, tare da Herbie Hancock da Tony Williams, daga baya Wayne Shorter ya shigo. Har yau masu koyon jaz suna nazarin faya-fayan da suka yi, irin su E.S.P. na 1965.

Bayan ya bar Miles sai ya duƙufa da aikin haya: duk wanda ya kira shi situdiyo ya biya, ya ɗauko gogensa ya je a kan lokaci. A 2015 kundin Guinness ya tabbatar masa da ɗaukar faifai 2,221, fiye da kowane mai bas a tarihin jaz. To malam, a ma'auninka wannan ai shi ne sarkin 'yan tireda! Amma shi ɗin ne dai gwamnatin Amurka ta karrama da lambar gwanayen jaz a 1998, shi ne ya daɗe yana koyarwa a jami'a a New York, kuma a 2022, yana da shekara 84, ya sake cin kyautar Grammy.

Kada a ce mini mai karɓar kuɗi ba ya da mutunci. A 1991 samarin A Tribe Called Quest masu waƙar hip-hop suka nemi ya yi musu kiɗa, ya gindaya musu sharaɗi: babu ashar a waƙar da zai sa hannu. Suka bi.

Matsalarmu ita ce mun fi son gwanin da ya mutu a wahale. Paul Chambers, wanda ya riƙe wa Miles bas a shekarun baya, ya rasu a 1969 yana da shekara 33, bayan shaye-shaye ya cinye jikinsa. Jaco Pastorius ya rasu a 1987 yana da 35, sakamakon dukan da aka yi masa a ƙofar wani gidan rawa. Gwanaye ne, ba musu. Amma don me za a ce wanda ya kame kansa, ya ciyar da iyalinsa da sana'arsa, ya kasa su daraja?

Ban ce duk faya-fayan nan 2,221 zinariya ba ne; dole a samu tsakuwa a cikin shinkafa mai yawa. Haka mu ma da muke kai littafi Bata a sayar, a cikinmu akwai mai shirme, akwai mai hikima. Gaskiya ita ce a ɗauki aikin a duba, a ce wannan ya yi, wancan bai yi ba. Yanke hukunci da ƙirga yawa ko da jin an karɓi kuɗi, lalaci ne irin na wanda bai karanta ba. Hannu ba ya faɗawa sai da yawan yi, kuma yunwa ba ta taɓa ƙara wa kowa basira ba.

Malam, in ka ga wannan, ina jiran amsarka, amma ka zo da littafi ɗaya da ka karanta daga bango zuwa bango. Sauran makaranta, mu haɗu mako mai zuwa don ci gaban labarinmu, in Allah ya kai mu. Wassalam.