Kiɗan Goge a Cikin Jirgi Mai Saukar Ungulu

'Yan makaranta, wannan makon Amsterdam ta ƙasar Holan muka nufa. Ranar 26 ga Yuni 1995, makaɗa huɗu na ƙungiyar Arditti suka ɗauki gogensu irin na Turawa, biyu ƙanana, ɗaya matsakaici, ɗaya babba, kowa ya shiga jirginsa mai saukar ungulu. Jiragen suka tashi, kiɗa ya fara a sararin sama.

Bajamushe Karlheinz Stockhausen ne ya tsara kiɗan, ya ce a mafarki ya gan shi. 'Yan kallo suna zaune a zaure suna ganin makaɗan a talabijin, sautin goge yana iso musu gauraye da ƙarar farfela. A al'ada, irin waɗannan makaɗa da ido da kunne suke bin juna. Nan kuwa babu mai ganin ɗan'uwansa, wani ɗan bugu da ake aika wa kunnen kowa ne ya riƙe su tare. Wannan ya burge mu.

Masu sharhi sun rabu. Wasu sun yaba, wasu sun ce neman suna ne da ɓarnar kuɗi. Tun 1994 aka so yin sa a Salzburg, masu kare muhalli suka yi ƙorafi, aka fasa.

Mu dai a kunnenmu farkon yana da daɗi, inda goge ke rawar murya kamar farfela. Kafin a cika rabin awa kunne ya gaji. Ku nemo shi a YouTube ku rubuto mana.